Mai Gadi Da Tsohuwar Takarda

Bayani a kan wa'adin sabunta riga-kafin uwar garke, da darasin da ke cikin abin da ya auku a ƙasar Kaura da Shinkafi da Zurmi

Maganar yau a kan wani mai gadi ce wanda ba ya barci, ba ya cin toshi, ba ya barin bakin ƙofa dare da rana, amma duk da haka ɓarawo ya kan zo da rana tsaka ya yi masa sallama, ya amsa, ya ba shi hanya. Dalili kuwa shi ne, galibin ɓarayin da ya sani, waɗanda aka rubuta masa kamanninsu a takarda ne. Muddin takardar ta tsufa, to, ganinsa ya ragu ke nan, ko da idonsa biyu.

Ran 3 ga watan Satumba na shekarar 2021, Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, ta umurci kamfanonin waya su kashe na'urorinsu ko'ina cikin Jihar Zamfara, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari. Da fari mako biyu aka ce. Mako biyu ya cika ba a buɗe ba. Gusau ta sami nata a farkon Oktoba, amma sauran ƙasa, har da Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, sai a ƙarshen Nuwamba aka ba da sanarwar a mayar musu. Maƙwabta ma abin ya shafe su, domin an yanke wa Jibiya ta Katsina da Isa ta Sakkwato. Kasuwannin mako kuma aka rufe su, har da ta Shinkafi mai ci ran Alhamis.

Wahalar da jama'a suka sha a wannan lokaci sananna ce, ba ta bukatar maimaici. Amma akwai wani abu da ya auku a ɓoye cikin ofisoshi, wanda ba a yi hirarsa a tasha ko a majalisa ba. Kowace kwamfuta da ba ta da hanyar intanet sai ta layin waya, mai gadinta ya zauna kusan wata uku da takardar da ya karɓa tun farkon Satumba. Wannan shi ne abin da za a warware a nan, fasali fasali.

Fasali na farko: uwar garke da abin da a ke ba ta ajiya

A sani, kwamfutocin da ke cikin banki, ko makaranta, ko asibiti, ko ofishin ƙaramar hukuma, ba darajarsu ɗaya ba. Akwai ƙanana waɗanda akawu ke zama gabansu, akwai kuma babba wadda a kan keɓe wa ɗaki a kulle, ba mai taɓa ta sai wanda aka wakilta. Masu sana'ar su kan ce mata saba, da Hausa kuma a ce uwar garke, saboda sauran duk ita su ke bi, gare ta su ke ɗebo labari, gare ta su ke mayarwa. Matsayinta matsayin taskar ma'aji ne a zamanin En'e. Sunan ɗalibi da makinsa, albashin ma'aikaci, katin majinyaci, lissafin wanda ya ci bashi da wanda ya biya, duk cikinta su ke kwana.

Ƙasar Kaura ba baƙuwar na'ura ba ce. Tun shekarar 1929 hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi Funtuwa da Gusau ta zo ta tuƙe a Kaura Namoda, aka riƙa lodin gyaɗa da auduga. A 1983 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a garin. Daga 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka bisa kwamfuta, kowace cibiyar jarrabawa kuwa da uwar garkenta ta ke aiki. Sa'an nan a farkon 2023, da aka yi ƙarancin takardar kuɗi saboda canjin naira, dillalin da a da ba ya sakin igiyar sa sai ya ƙirga kuɗi a hannu, tilas ya yarda da taransifa da na'urar POS. Saboda haka ko wanda bai taɓa ganin uwar garke da idonsa ba, dukiyarsa ta bi ta cikinta, sunan ɗansa kuma yana kwance a cikin wata.

Fasali na biyu: cutar da kundin kamanni

Abin da a ke kira bairos, ko ƙwayar cutar kwamfuta, ba ƙwaro ba ne, ba kuma iska ba ce. Rubutu ne wanda ɗan Adam ya zauna ya tsara, domin in ya shiga na'ura ya umurce ta da abin da mai ita bai so ba. Tun 1986 wasu 'yan'uwa biyu a birnin Lahore na Pakistan suka rubuta wani mai suna Brain, ya riƙa bin faifai daga hannu zuwa hannu har ya ƙetare teku. Na yanzu sun fi shi mugunta nesa. Wani ya kan saci kalmar sirri ta banki. Wani ya kan laɓe yana kwashe labari yana aika wa ubangidansa. Wani kuwa ya kan kulle fayilolin wuri kaf, ya ce ba ya saki sai an biya fansa, kalmar da mutanen ƙasar nan ba su bukatar a fassara musu ita.

Maganin da aka yi wa wannan shi ne manhajar riga-kafi, wadda a ke ce wa antibairos, ita ce mai gadin da aka ambata. Ga yadda ta ke aiki. In sabuwar cuta ta ɓulla a wani wuri cikin duniya, masanan kamfanin da ya yi riga-kafin su kan kama ta, su feɗe ta, su fitar da wata alama da ba a samunta sai a jikinta, ko dai jerin lambobi daga cikin rubutunta, ko wata gajeriyar lamba da a ke lissafowa daga fayil ɗin gaba ɗaya. Sai su ƙara wannan alama cikin wani kundi, su aika wa duk masu riga-kafinsu. Misalinsa misalin takardar cigiya ce da a kan aika wa ɗan doka a da: dogo ne, baƙi, da tsage a kunci, yatsa guda a gutsure. Duk fayil da zai shiga uwar garke sai an gwada shi da kundin nan. In kamanni suka dace, a tsare shi. In ba su dace ba, ya wuce.

To, ɓarawo ma ya san da takardar. Saboda haka kullum cikin sake riga ya ke, ya canza harafi nan ya ƙara wani can, alamar jiya ta daina kama shi. Wata cibiyar gwaji a birnin Magdeburg na Jamus, mai suna AV-TEST, ta bayyana cewa a shekarun nan ta kan rubuta sababbin miyagun manhajoji da makamantansu sama da 450,000 kowace rana. Don haka ne kamfanoni ba su jiran wata ko mako. Microsoft ya kan fitar da ƙarin kundin riga-kafinsa mai suna Defender sau da yawa cikin yini guda. Akwai kuma ClamAV, wanda kyauta ne, kamfanin Cisco ke riƙe da shi tun 2013, an fi sa shi a uwar garke mai aiki da Linux. Shi yana da ɗan aike na musamman mai suna freshclam, wanda bisa asalin tsarinsa ya kan je tambayar sabon kundi sau 12 a yini, watau kowace sa'a biyu. In kundin ya wuce kwana 7 ba a sabunta ba, sai ClamAV ya fara rubuta gargaɗi. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma a ke magani, amma banda a wannan fage.

Gaskiya ne riga-kafin zamanin nan ba da kundi kaɗai ya dogara ba. Ya kan lura da take-taken manhaja, in ya ga tana abin da bai kamata ba ya tare ta. Ya kan kuma aika tambaya nan take zuwa ga kamfaninsa ta intanet game da fayil da bai gane ba. Amma ranar da aka yanke layi, ƙofar tambaya ta rufe, nauyi mafi yawa ya koma kan kundin da ke hannu.

Fasali na uku: hatsarin jinkiri

Daga farkon Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba mako 12 ne, kwana 84 ke nan. In aka buga 84 sau 450,000, za a sami kusan miliyan 38. Ko da ya ke galibinsu tsofaffin ɓarayi ne da suka sake riga, wasu ma tsohon kundin zai iya gane su, duk da haka wannan lissafi ya isa ya nuna nisan da ke tsakanin takardar mai gadi da halin da duniya ta ke ciki.

Mas'ala: in wani ya ce, ai tun da babu intanet, ta ina cutar za ta shigo? Amsa ita ce, ta aljihu. Filashi da memori ba su bukatar layin waya. Hasali ma, sa'ad da layi ya mutu ne su ke yawaita yawo, domin takardar da a da a kan tura ta waya, yanzu sai a zuba ta a filashi a ba direba. Filashin nan kuwa ya kan shiga kwamfutar mai buga takardu, ya fita ya shiga ta mai tura fina-finai, kana ya zo ofis. Cutar Conficker da ta ɓulla a 2008 ta kama miliyoyin kwamfutoci, ɗaya daga hanyoyinta kuwa filashi ne. Stuxnet da aka gano a 2010 ta isa ma'aikatar nukiliya ta Natanz a Iran, alhali na'urorin wurin a keɓe su ke daga intanet.

Masu harkar shanu sun san misalin wannan. Daga 1962 aka yi babban gangamin allurar ciwon bushiya, aka faro daga Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, har cutar ta yi sauƙi ƙwarai. Da gangami ya ƙare aka yi sakaci, 'yan maruƙan da aka haifa daga baya suka girma ba allura. A 1983 bushiya ta dawo ta yi wa garkunan Arewa mummunar ɓarna. Sai da aka koma aka dage, kana a 2011 aka ba da sanarwar ƙarewarta a duniya. Allurar bara ba ta tsare maraƙin bana, haka kundin Satumba ba ya gane ɓarawon Nuwamba.

Ran Juma'a 12 ga Mayu 2017, wata cutar neman fansa mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kamar 150, tana neman dala 300 ga kowace. A Ingila asibitocin gwamnati suka soke ganin likita da aikin tiyata wajen 19,000. Abin takaici, tun ran 14 ga Maris Microsoft ya riga ya fitar da gyaran kafar da cutar ta bi. Wata biyu gyara na ajiye, ba a ɗauka an sa ba. A nan mai karatu ya lura da bambancin abu biyu: sabunta kundi shi ne ba mai gadi sabuwar takarda, gyaran Windows ko Linux kuwa shi ne liƙe katangar gida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowannensu yana bukatar wa'adinsa, ɗaya ba ya wadatarwa ga barin ɗaya.

Fasali na huɗu: hatsarin gaggawa

Mai karatu zai ce, to, ai magana ta ƙare, a saki ƙofa duk abin da kamfani ya aiko ya shiga nan take. Sai dai masu rubuta takardar cigiya su ma 'yan Adam ne, su kan yi kuskure, mai gadi kuwa ba ya musu da takarda.

Ran 21 ga Afrilu 2010, kamfanin McAfee ya fitar da kundi mai lamba 5958. A cikinsa aka yi kuskuren siffanta wani fayil na Windows XP kansa da kamannin cuta. Riga-kafi ya kama fayil ɗin ya tsare, kwamfutoci suka riƙa mutuwa suna tashi ba ƙaƙƙautawa. Asibitoci da ofisoshin 'yan sanda a Amurka suka shiga ruɗu, wasu manyan kantuna a Ostareliya suka rufe ƙofa saboda na'urorin karɓar kuɗi sun tsaya. Mai gadi ya kama mai gida ke nan ya ɗaure.

Wanda ya fi wannan girma ya auku ran Juma'a 19 ga Yuli 2024. Da ƙarfe 5:09 na asuba agogon Nijeriya, kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wani ɗan ƙaramin fayil na sabuntawa zuwa ga masu manhajarsa ko'ina a duniya lokaci guda. Fayil ɗin na da aibi. Da ƙarfe 6:27 aka janye shi, minti 78 ke nan, amma aikin gama ya gama. Microsoft ya ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 suka faɗi. Jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci da gidajen talabijin suka tsaya, gyara kuwa sai da ma'aikata suka bi na'urori da yawa ɗaya bayan ɗaya da hannu. Kwamfutar da ta ke a kashe cikin waɗannan mintoci ta tsira. Daga baya kamfanin ya yi alkawarin zai riƙa sakin irin wannan fayil kashi kashi, ya kuma ba masu saye ikon zaɓen lokacin karɓa.

Ashe ke nan hatsari biyu ne ke fuskantar mai riƙon uwar garke. In ya yi nawa, ɓarawo ya wuce. In ya buɗe wa kowa lokaci guda, kuskuren wani a wata ƙasa ya rushe masa ofis kafin hantsi. Tsara wa'adi shi ne bin hanyar da ke tsakanin biyun.

Fasali na biyar: sharuɗɗan wa'adi

Littattafan wannan sana'a galibi an rubuta su ne a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, layi ba ya yankewa. Wanda ya kwafi wa'adinsu ya liƙa a Zurmi ba tare da dubawa ba, ya yi kamar wanda ya ɗauko jadawalin fitowar rana na wani gari mai nisa ya rataya a zaurensa. Sharuɗɗan da suka dace da ƙasar nan guda shida ne.

Na farko, lokacin ya dace da wutar wurin. A kan ce a sa irin wannan aiki da ƙarfe biyu na dare, sa'ad da ba mai amfani da na'ura. Amma ofishin da a ke kashe janareto da la'asar, ko wanda batirin solarsa ke ƙarewa kafin tsakar dare, ƙarfe biyun dare ba ta taɓa samun uwar garkensa a farke ba. Sai a ga an tsara wa'adi, an rubuta a takarda, alhali shekara ta zagayo bai taɓa cika ba. Abin da ya dace shi ne a duba sa'o'in da wuta da layi su ke haɗuwa, kamar da hantsi bayan an tada inji, da kuma bayan azahar sa'ad da batir ya cika. Ɗauko ƙarin kundi aiki ne mai sauƙi, ana iya yinsa kowace sa'a biyu ko huɗu cikin lokacin aiki, Defender ma ya yarda a zaɓi tazara daga sa'a 1 zuwa 24. Binciken na'ura gaba ɗaya shi ne mai nauyi, shi za a kai lokacin da aiki ya lafa. Ba a sa shi ran Alhamis da rana a wurin da ke hidimar 'yan kasuwar Shinkafi, ba a sa shi ranar jarrabawa ko ranar biyan albashi.

Na biyu, a yi tanadin ramuwa. Mai tsaron lokaci na Linux da a ke kira cron, in sa'ar aiki ta zo na'ura na kashe, ya bar aikin ke nan sai wani zagaye. Ɗan'uwansa anacron kuwa ya kan tuna abin da ya kuɓuce, ya rama da zarar an kunna. A Windows ma, cikin Task Scheduler, akwai wurin da a ke zaɓa cewa in lokaci ya wuce a yi aikin nan da nan in an sami dama. A inda wuta ke zuwa ba sallama ta tafi ba ban kwana, wannan zaɓi ya fi ƙarfe nawa aka rubuta muhimmanci.

Na uku, ƙofa guda. In kwamfuta 50 ke cikin wuri, ba daidai ba ne kowace ta tafi intanet ta ɗauko abu ɗaya sau 50, data ta ƙare, layi ya cushe. Sai a wakilta guda ta ɗauko, ta ajiye a wurin da sauran za su ɗiba ta wayar cikin gida. Defender na karɓar kundi daga ma'ajiyar cikin gida, kuma a kan jera masa wurare, in bai samu a na farko ba ya nemi na biyu. ClamAV ma yana da abin yin haka mai suna cvdupdate. Sa'an nan a rarraba musu mintoci, kada su taso gaba ɗaya kamar awaki a bakin rijiya.

Na huɗu, ɗanɗano kafin rabo. A keɓe kwamfuta ɗaya ko biyu, waɗanda in sun faɗi aiki ba zai tsaya ba, su fara karɓar sabon kundi. In sa'a biyu ko uku suka wuce lafiya, sai a sakar wa uwar garke da sauran. Jinkirin kundi na sa'o'i ne, kada ya zama na kwanaki. Amma in manhajar riga-kafin ce kanta aka sake, ko babban gyaran Windows, to, wannan a iya gwada shi 'yan kwanaki, a kuma sa shi ranar da mai gyara ya ke gari. Kafin kowane babban gyara a kwafi lissafin wurin a wata ma'ajiya, a cire ta daga jikin na'ura a kulle, domin kwafin da ke manne da uwar garke, cutar fansa ta kan haɗa da shi ta kulle.

Na biyar, hanyar ƙafa. Wannan shi ne darasin 2021. Kundin nan ana iya ɗauko shi a garin da ke da layi, a kawo shi a filashi. Microsoft na ajiye cikakken kundin Defender a fayil guda mai suna mpam-fe.exe, na ClamAV kuma fayiloli ne da sunansu ke ƙarewa da cvd. Amma da ƙa'idodi: a ɗauko daga shafin kamfanin kansa, a kwamfuta mai tsabta, a filashin da ba ya wani aiki sai wannan. Kundi na gaskiya yana ɗauke da hatimin kamfaninsa, wanda na'ura ke iya tantancewa, wanda hatiminsa bai inganta ba a yar da shi, domin ɓarayi su kan yi shigar riga-kafi. Ba a ce kowa ya jefa ransa cikin hatsarin hanya saboda filashi ba. A haɗa shi da tafiyar da dama za a yi zuwa Gusau ko Sakkwato, ko da sau ɗaya a mako. Abin nufi, a san wannan hanya, a gwada ta tun layi na nan, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Na shida, idon mutum. Aikin da na'ura ke yi da kanta ya kan tsaya shiru ba wanda ya sani: data ta ƙare, ko ma'ajiya ta cika, ko lasisin riga-kafi ya ƙare. Wani lokaci ma agogo ne. Cikin kowace kwamfuta akwai ɗan batir kamar kwabo mai riƙe lokaci in an kashe ta. In ya mutu, sai ta farka tana zaton wata shekara ce da ta wuce, wa'adi ya rikice, shafin kamfani kuma ya ƙi amincewa da ita. Saboda haka a wakilta mutum guda, da sunansa, wanda kowace safiya zai buɗe ya karanta kwanan watan kundin, ya rubuta a littafi ya sa hannu. Aikin minti biyu ne. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Faɗakarwa game da ranar da layi ya dawo

Ranar farin ciki ce, kuma ita ce mafi hatsari, domin ƙofar duniya ta buɗe alhali mai gadi na riƙe da takardar wata uku. Tertibin da ya dace shi ne, a hana kowa buɗe wasiƙa ko shiga shafi tukuna. A fara sabunta kundi, a kuma yi haƙuri da shi, gama wanda ya daɗe bai karɓa ba sau da yawa sai ya ɗauko kundin gaba ɗaya, abin da kan wuce megabayit 100. Bayansa a sa gyare-gyaren Windows ko Linux da suka taru. Bayansu a binciki uwar garke kaf, da duk filashin da ya shiga ofis a kwanakin yankewa. Sa'an nan a buɗe wa jama'a aiki.

Kammalawa

Galibin masu karanta wannan fili ba su ne za su zauna gaban uwar garke ba. Amma daga cikinsu akwai mai kanti da ya sa lissafinsa a kwamfuta, akwai shugaban makaranta, akwai ɗan kwamitin asibiti, akwai ma'ajin ƙungiyar 'yan kasuwa. Dukiyar mutane da asirinsu amana ce a hannunsu, tun 2023 kuma akwai dokar ƙasa ta kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa mai ajiye su nauyin tsare su. Irin wannan shugaba ba sai ya san Linux ba. Ya ishe shi ya kira yaron da ke kula da na'ura ya yi masa tambaya uku. Kundin riga-kafin nan, na wace rana ne? Ƙarfe nawa ya ke sabuntawa, kuma a wannan lokaci akwai wuta a ofis? In aka yanke layi wata guda, ta wace hanya sabo zai iso? In yaro ya amsa ukun nan, ya kuma nuna kwanan watan a fuskar na'ura, a gode masa, a saya masa data a kan kari. In ya yi shiru yana susar ƙeya, kada a yi masa faɗa, a zauna tare da shi a tsara wa'adin tun yau, a rubuta shi a takarda a liƙa a ƙofar ɗakin.

Allah ya zaunar da ƙasar Zamfara lafiya, ya tsare wa kowa abin hannunsa. Haza wasalam.